Neman shawara: hutun mako guda da iyali a ƙauyen bakin teku

Baban Hafsa, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da na daɗe ina juya ta a raina. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Jos, kuma ina so in ɗauki iyalina mu je mu yi kamar mako guda a wani ƙauye da ke bakin teku, ba cikin hayaniyar babban birni ba. Mu shida ne: ni da maiɗakina, da yara uku waɗanda babbarsu ke da shekara 13, ƙaraminsu kuma 6, sai mahaifiyata, wadda ta haura 70.

Gaskiyar magana, don Inna nake wannan shiri. Marigayi mahaifinmu direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar dankalin Turawa da kabeji da tumatir daga Farin Gada zuwa Ikko, kuma duk lokacin da ya dawo sai ya ba ta labarin ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, har ya yi mata alkawarin kai ta, amma rai bai kai ba. Ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne Binuwai, daga kan gadar Makurɗi, shi ma ta tagar mota. Kwanakin baya jikokinta suna nuna mata hoton teku a waya, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, can sai ta ce, “To, ashe dai Malam ba ƙari ya yi ba.” Tun daga ranar na ƙudurta cewa alkawarin nan ni zan cika shi, in Allah ya yarda.

Wasu abokan aiki sun ambata mini Ibeno a Jihar Akwa Ibom, wasu Badagiri, wani kuma ya ce in dai ƙauye nake nema na sosai, to in ƙetara Jamhuriyar Benin. Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya faɗa mini inda ya fi dacewa da tsohuwa da yara, da watan da ya fi kyau, da yadda ake samun masauki ba tare da an cuci mutum ba, da kuma yadda za mu yi da abinci da salla. Hutun da nake da shi na makaranta ne, wato ko dai ƙarshen Disamba, ko na Afrilu, ko babban hutun Agusta.

Ɗan Kwatano, Kubwa, Abuja

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kuma saka maka da alheri a kan wannan niyya. Na yi shekaru ina zirga-zirgar sayo motoci daga Kwatano, kuma sau uku ina kwana a Grand-Popo, wani gari a bakin tekun Jamhuriyar Benin, biyu daga ciki da iyalina, saboda haka a kansa zan yi magana.

Garin yana yamma da Kwatano da kimanin kilomita 80, dab da iyakar Togo, kuma duk motocin hayar da ke zuwa Lome ta nan suke bi. Abin da ya bambanta shi da sauran wurare shi ne zaman da ya yi a kan wani siririn tudun yashi mai tsawo, teku a kudu, ruwan kogin Mono kwance a arewa, ta yadda mutum zai iya barin rurin igiyar ruwa ya yi 'yar tafiya a ƙafa ya iske ruwan da ko motsi ba ya yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ya dace da mai yara da tsohuwa. Tekun na kallo ne, kogin kuwa shi ne na shiga kwalekwale. Ana ɗaukar mutane a bi ta cikin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri har zuwa inda Mono ke faɗawa teku, wurin da suke kira Bouche du Roy, kuma a hanya za ka ga matan da ke dafa gishiri a manyan tukwane daga ƙasar da suka kankaro a bakin ruwa. Kai da ka fito daga Jos za ka yi mamakin wani abu: lambunan albasa da tumatir da karas ne shimfiɗe a kan yashi tsantsa, ana ban ruwa safe da yamma, teku na ruri a bayansu.

Abin da zan so Inna ta gani shi ne jan taru da safe. Masunta sukan kai tarun can cikin teku da kwalekwale, sannan maza da samari su jeru a kan igiya biyu a gaɓa, suna ja suna waƙa, ƙafa na nutsewa cikin yashi, na ƙarshen layi ya sake ya koma gaba, haka har sa'o'i. Mata kuma suna zaune da manyan robobi a gindin kwakwa suna jira. Idan tarun ya iso sai wurin ya kaure, kifi na tsalle, ana ciniki da ƙarfi, duk wanda ya taya ja kuma a ba shi ɗan rabonsa. Ɗana ya kama igiyar na minti kaɗan, tafin hannunsa ya yi ja wur, amma har yau yana alfahari da ƙananan kifaye biyun da aka danƙa masa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma ina roƙonka ka karanta wa yaranka shi. Tekun wannan yanki, daga Ikko har Gana, ba wurin iyo ba ne ga baƙo. Yaranmu na Filato da suka saba da kududdufan da haƙar kuza ta bari suna ganin sun iya ruwa, amma ruwan kududdufi a tsaye yake, wannan kuwa ja yake yi. Igiyar ruwa tana dukan gaɓa, sannan ruwan da ta kawo ya tattaru ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, kuma abin da ke ruɗin baƙo shi ne, daidai wurin da ruwan ke komawa shi ne ya fi kama da wuri mai lafiya, domin can ne ba a ganin farin kumfa. Wanda ruwan ya ja, ba a son ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashe mutum. Ana so ya bi gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan. Amma wannan ilimi na mai iyo ne, ku dai kada kowa ya wuce idon sawu. A zuwana na biyu ina tsaye ruwa iya ƙauri ina ɗaukar hoto, na juya wa tekun baya, sai igiya guda ta zo ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafata. Na tashi ba hula, ba takalmi ɗaya, waya kuma ta sha ruwan gishiri ba ta ƙara tashi ba. Wani tsohon masunci da ke gyaran taru ya dube ni ya girgiza kai kawai.

Game da takardu, ƙasashen ECOWAS ba sa neman biza a tsakaninsu tun yarjejeniyar 1979, kuma an yarda mutum ya zauna har kwana 90, amma kowa, har ƙaramin yaron, yana buƙatar fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara. Za ku ƙetara ta Seme, inda tun 2018 ƙasashen biyu ke aiki a ofishin iyaka guda. Kada ka miƙa fasfonku ga 'yan kamashon da za su yi maka caa suna cewa za su taimaka. Ka je da kanka. Kuɗinsu sefa ce, wadda darajarta ke ɗaure da yuro, kuɗin Turai, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi a kanka take ƙarewa, kuma gara ka yi canji wurin 'yan'uwanmu a Zangon Kwatano, inda Hausa za ta yi maka aiki. Daga nan gaba Faransanci ne da Mina, ciniki kuwa da kalkuletar waya muke yin sa, ka rubuta ya rubuta.

Lokaci kuma, Disamba zuwa Fabrairu ne rani. Sai dai ka kauce wa kwanakin da ke kewaye da mako na biyu na Janairu, lokacin bikin addinin gargajiyarsu na Vodun, domin Wida da Grand-Popo kan cika maƙil, masauki ya yi tsada.

Mama Rifkatu, Bukuru

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa Baban Hafsa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Bayanin Alhaji na Kubwa a kan haɗarin ruwa babu abin da zan ƙara a kai, amma ban goyi bayan a ƙetara da tsohuwa mai shekara sama da 70 zuwa wata ƙasa ba, kuma ina magana ne a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Allurar rigakafin shawara, idan Mama ba ta taɓa yin ta ba, ba a yi wa wanda ya wuce 60 ita kai tsaye sai likita ya duba, domin illarta ta fi yawa ga tsofaffi, kuma ko an yi, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Ka haɗa wannan da fasfo shida, da doguwar hanyar Ikko zuwa Seme, ka ga tun ba a ga teku ba an gaji.

Ni a Eket na yi bautar ƙasa, kuma kusan kowane ƙarshen mako muna Ibeno. Yashin gaɓarsa fari ne, shimfiɗe, mai faɗi da tsawo, kuma a wuraren da na sani ƙasar ba ta gangara cikin ruwa farat ɗaya, ta yadda za a iya ajiye wa Mama kujera ruwa ya zo a hankali ya taɓa mata ƙafa ya koma. Wannan ba ya nufin a saki yara, teku dai teku ne. Hedkwatar ƙaramar hukumar ita ce Upenekang, kusa da inda kogin Qua Iboe ke shiga teku, kuma nan ne mai wa'azin bishara Samuel Bill ya sauka a 1887 ya kafa mishan ɗin da ya ɗauki sunan kogin. Akwai tashar fitar da ɗanyen mai a wurin, da dare kana hango wutar iskar gas can cikin ruwa, saboda haka wanda ke neman wurin da babu alamar zamani sam ba zai same shi a nan ba. Shawarata ita ce ku kama masauki a Eket, inda akwai asibiti da kantin magani da Hausawa masu nama da tsire, ku riƙa zuwa bakin ruwan da safe ku dawo kafin rana ta take.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ku sauko Abuja ta Akwanga da Keffi, ku hau jirgi zuwa Uyo, daga nan mota zuwa Eket. In kuwa aljihu bai kai ba sai mota, ta Lafiya da Makurɗi da Inugu, to ku raba tafiyar kwana biyu saboda ƙafafun Mama kada su kumbura, kuma kada ranar ratsa jihohin kudu maso gabas ta faɗo Litinin, saboda zaman gidan dole na ranar Litinin da 'yan awaren Biyafara suka fara a can a 2021.

Agusta kuwa ka cire shi daga lissafi in dai Ibeno ne. Ruwan saman da ake yi a gaɓar Akwa Ibom ya ninka na Jos fiye da sau biyu, kuma Disamba zuwa Fabrairu ne kawai ake samun sarari. Ko a lokacin, ku da za ku baro sanyin hunturun Jos da rigunan sanyi, zafin can ba irin na Kano ba ne mai busar da fata. Gumi ne ke tsatsafowa ya ƙi bushewa, wankin da aka shanya ya kwana da danshi. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, sai a riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. Ku tafi da gidan sauro naku, da maganin hawan jininta in tana sha, wanda zai wuce kwanakin tafiyar, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi a cikin makonnin da suka biyo bayan dawowa a yi masa gwajin cizon sauro ba tare da jinkiri ba.

Almajirin Gangare, Jos

Malam Baban Hafsa, Allah ya karɓi wannan biyayya. Zan taɓa ɓangaren ibada kawai. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, ana alwala da wanka da shi duk da gishirinsa, kuma hadisin da ya zo da wannan hukunci shi ne ya halatta mushen teku. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kifi ne ko ƙaguwa ko jatan lande, saboda haka in kuka tsaya a kan abincin ruwa kun huta da tambayar wanda ya yi yanka. Abin lura kawai shi ne tukunya da man da aka soya, a wuraren da ake dafa naman da bai halatta gare mu ba.

Kasaru kuwa za ku yi ta a hanya, zuwa da dawowa, tunda tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, amma da zarar kun sauka da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, sai ku cika salla. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa a can, domin gaɓar duka wuraren da aka ambata kudu take kallo: ka sa tekun a damanka, ka fuskanci gabas, ka ɗan karkata hagu. In Benin kuka je, agogonsu ɗaya da namu, amma da yake Grand-Popo na yamma da Jos sosai, lokutan salla kan yi jinkirin kusan rabin sa'a, don haka kada ku yi aiki da jadawalin gida. Ibeno kuwa kusan a layi ɗaya yake da mu.

Yaya Lantana, Gwarimpa, Abuja

Ni a kan masauki zan ja kunnenka, Malam, domin an taɓa yi mana. Mun ga hotunan wani gida a intanet, ɗakuna tas, kwakwa a tsakar gida, muka tura kuɗin kwana huɗu gaba ɗaya. Da muka isa sai muka tarar hotunan na shekarun baya ne, gishirin iska ya cinye ƙarfen tagogi, famfo yana zubo ruwa mai ɗanɗanon kanwa, janareta kuma sai an kawo kuɗin mai daban. Tun daga nan ba na biyan fiye da kwana ɗaya kafin in gani da idona. Ka sa mai gidan ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp ya zagaya da kai, ya buɗe famfo, ya nuna maka banɗaki, ka tabbatar ɗakin Inna a ƙasa yake ba sai an hau bene ba, ka kuma tambaya ko za a bar maiɗakinka ta yi girki, domin tsohuwa ba za ta yi mako guda ba tuwo ba. Ku ɗauki garin masara da kuka da daddawa da yaji daga gida, kifi kuwa a can ya fi arha da daɗi. Ka kuma tambayi nisan gidan da wuraren shan giya, saboda a ƙarshen Disamba kiɗa kan kai asuba.

Ki ji wannan, Maman Hafsa, in kina karantawa: dogon hijabi da zani in suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, kuma iskar bakin teku ba ta barin mayafi ya zauna. Dogon wando a ciki da hijabi mai tsayawa a gwiwa sun fi, kuma da sassafe, kafin jama'a su fito, wurin kusan naku ne ku kaɗai.

Baban Hafsa, Unguwar Rogo, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina duka, kuma maganar allurar nan da Mama Rifkatu ta kawo ta sa jikina ya yi sanyi da batun ƙetare iyaka, ko da yake bayanin jan tarun da Alhaji ya yi ya shiga raina. Inna ba ta da fasfo, yaran ma haka. Mun fi karkata ga Ibeno a ƙarshen Disamba, mu kwana a Eket. Tambaya ɗaya ta rage: wani ya ce mini ruwan yana matsowa ya kuma ja baya a kowace rana. Yaya zan san lokacin da ya fi dacewa in kai ta bakinsa?

Ɗan Kwatano, Kubwa, Abuja

Na sallama wa Mama Rifkatu, Malam, lafiyar Inna ce gaba; Grand-Popo yana nan, wata shekarar ka kai yaran. Masu jan taru kuma ba a Benin kaɗai suke ba, mutanen Ibeno ma masunta ne, ka tambayi inda kwalekwale ke sauka da safe.

Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Ruwan yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin yini da dare, tsakanin cika da cika kimanin sa'a 12 da minti 25, saboda haka kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa, kuma lissafin da ka sani na watan Musulunci zai yi maka amfani: a kwanakin tsayuwar jinjirin wata da kuma daren sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa, a wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuma bambancin kaɗan ne. Lokacin da ruwa ya janye ne yashin ke zama jiƙaƙƙe mai tauri, wanda tsohuwa za ta iya takawa da sanda ba tare da ƙafa ta nutse ba, busasshen yashin sama kuwa yana gajiyar da ko saurayi. Ranar da kuka isa, ka dubi layin da ruwa ya ajiye ciyayi da ɓawon kwakwa a kan gaɓa, nan ne iyakar cikarsa ta ƙarshe, sai ku shimfiɗa tabarma sama da shi. Ka tambayi kowane masunci ƙarfe nawa ruwa zai janye gobe, zai faɗa maka ba tare da ya duba komai ba. Kujerar Inna kuma mutum biyu su tsaya a gefenta, fuskarsu na kallon ruwa.

Baban Hafsa, Unguwar Rogo, Jos

Madalla, na rubuta duka. Na duba kalanda, zan daidaita kwanakin da hutunmu, kuma gobe in Allah ya kai mu zan kai Inna a duba hawan jininta kafin in sayi tikiti. Jiya da dare na faɗa mata, ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, sai ta tambaye ni ko za a bar ta ta ɗebo ruwan a gora ta kawo wa ƙanwarta a Dilimi ta ɗanɗana, domin ita ma ba ta yarda akwai ruwan da gishiri ke cikinsa tun asali ba. Mama Rifkatu, ko jirgin Uyo zai bar mu mu saka gorar a cikin manyan kaya?